Kurege da Turken da Aka Hana Tambaya

Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta samu wurin zama. Ɓarnar nan ta faro ne ranar Laraba, tara ga watan Safar, da hantsi, a bakin kasuwar Tudun Gawo. Laraba ce, ba Alhamis ba. Duk wanda ya ce Alhamis, labari aka ba shi.

A zamanin nan motocin daji sun daina shan fetur, wuta suke sha. Hajiya Giwa kuwa ba ta ganin ciniki ta wuce. Ta share fili, ta kafa farantan sola, ta ɗauko Shamuwa daga ƙasa mai nisa ta dasa mata turakun caji guda uku. Turke ne na ƙarfe, da igiyar wuta a gefe kamar wutsiya, da 'yar fuskar gilashi, kuma yana magana. Za ka sayi wutarka a wurin Hajiya a zuba maka a kati. In ka zo sai ka ɗora katin, turke ya tambaye ka lambar sirri, ka danna, ya shayar da motarka, ya rage daga rabonka. Shi ke nan. Ko ɗan akuya ya iya wannan.

Da Shamuwa ta gama aiki ta ce, "Hajiya, tambayar nan ita ce ƙofar gidanki, kada a taɓa ta. Akwatin da ke bayan kowane turke kuma, a canza masa lamba yau ɗin nan."

Hajiya ta ce to, alhali hankalinta na kan masu kiɗan bikin buɗe wurin. Shamuwa ta buɗe fiffike ta yi gabas.

Aka ce babba shi zai fara. Zaki ya iso cikin baƙar motarsa, ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya ɗora kati. Turke ya ce, "Wane ne? Danna lambar sirri."

Kiɗa ya tsaya cak.

Zaki ya ce, "Me ya ce?"

Kowa ya duƙar da kai. Turke, da yake ba a koya masa kunya ba, ya maimaita.

"Ni? A dajin da aka binne cibiyata? Hajiya, tara jama'a kika yi don ƙarfe ya tambaye ni ko ni wane ne?"

"Ranka ya daɗe, baƙo ne, bai san gari ba," in ji Hajiya, kunnuwanta na rawa. Ta ƙwala wa mai kula da wurin kira, wani ƙaton biri da ake ce wa Bika. "Kai, Bika! Maza kashe tambayar nan in Manyan Dawa ne ya zo."

Kura ta ajiye ƙashin da take gwigwiya. "Au, wato mu ne ƙananan da za a riƙa tsarewa da tambaya kamar 'yan firamare?"

Ɓauna ta ce ita kam ko mijinta ba ya tambayarta inda ta fito. Damisa kuwa farcenta kawai ta duba. Kafin a kira azahar an kashe tambaya ga kowa da kowa, domin a Tudun Gawo babu mai yarda a ce shi ne ƙarami. Wannan shi ne laifin farko, kuma ya kamata a san masu shi. Daga ranar, kati ba ya komai sai faɗin lambarsa ga duk na'urar da ta matso kusa, turke kuma ya ji lamba ya ce na yarda.

Duk abin nan a kan idon Kurege, yana raɓe a gindin gawo, cikinsa ya manne da bayansa. Yana da wani keke mai ƙafa uku da ya harhaɗa da tarkacen bola, amma batirinsa ya mutu murus. In da wuta, zai yi wa zabi masu sayar da gyaɗa dako su biya shi da gyaɗa. In babu wuta, sai hamma. Kati kuwa bai da halin saye, Hajiya ma ba ta taɓa sunkuyowa ta san akwai shi a duniya ba.

Ya karkaɗa wutsiya ya ce, "Ni ne Kurege, ƙaya a cikin tabarma, mai zama a kaina shi ke tsalle! Ƙofar da aka hana ta tambaya, ai ni aka buɗe wa."

Ya garzaya rumfar Ɓera mai tsofaffin wayoyi, ya aro wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana. Aikinta ɗaya ne: ta saurari lambar da kati ke faɗa, ta zuba ta a wani farin kati wanda babu komai a cikinsa.

Da gari ya waye, ya tarar da Kura a kan benci tana jiran motarta ta ƙoshi, katinta a jakar da ta ɗaura a ƙugu.

"Ina kwana, Gwaggo? Kai, wannan sheƙi haka! Sai dai… a'a, bari dai in yi shiru."

"Faɗi, ɗan nema, kafin in karya da kai."

"Kaska ce a ƙugunki, Gwaggo. Ƙatuwa, kamar goro. Ni dai ba na so Damisa ta gani ta kai gaba."

Kura ta zaro ido. "Cire maza! Kada ka faɗa wa kowa."

Kurege ya haye, hannu ɗaya na sosa gashi, ɗayan na goga 'yar na'ura a jikin jaka. Ta yi ƙit. Ya diro ya nuna wa Kura ƙwallon kuka da ya ɓoye a kumatu. "Kin gan ta, har ta sandare don tsoronki."

Kura ta sa masa albarka, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Rana na take tsaka, Bika na can inuwa yana fama da rake, Kurege ya turo kekensa ya ɗora farin kati. Turke ya ce, "Sannu da zuwa, Kura."

"Yauwa, yaro," in ji Kurege. "Zuba, kada ka ji tausayi."

Ranar ya yi dako har la'asar, ya ci gyaɗa sai da kumatunsa suka rufe masa ido. Bayan Kura, sai ya cire wa Ɓauna kaska. Damisa ma ya gano mata wata a bayan kunne. Kaska ba ta taɓa yawa a Tudun Gawo kamar a wannan mako ba.

Ba a jima ba Kura ta ɗora katinta, turke ya ce, "Rabonki ya ƙare."

"Ya ƙare a gidan wa? Shekaranjiya na saya!"

Hajiya ta leƙa fuskar turke ta ce, "Ga shi nan, ke kika sha. Jiya da rana, sau biyu."

"Jiya da rana ina gidan makoki!"

"To ai ke da mantuwa, Kura. Ƙarfe dai ba ya ƙarya."

Ƙarfe bai yi ƙarya ba, gaskiya ne. Abin da aka faɗa masa ya maimaita, tunda an hana shi bincike. Da ƙorafi ya yi yawa, ku ji maganin da Hajiya ta kawo. Ta ƙara wa shinge tsawo. Ta sayo kwaɗon ƙarfe kamar turmi ta rataya a ƙofa. Ta sa aka rubuta allo da jan fenti: ALLAH YA ISA GA ƁARAWON WUTA. Ɓarawon kuwa bai taɓa haura shinge ba. Ta ƙofa yake shigowa da sallama, har ya tsaya ya karanta allon ya ce, "Amin, Hajiya. Mutane ba sa tsoron Allah."

Sai dai manya sun fara tsarguwa. Kura ta jefa sabon katinta a gwangwanin madara ta toshe, Ɓauna ta daina yarda a matso ƙugunta. Kasuwar kaska ta mutu, cikin Kurege ya soma kiran sunansa.

Da gari ya waye, sai ga wani ma'aikaci a ƙofa. Riga mai ruwan ɗorawa, wadda in ka dubi bayanta da kyau za ka ga buhun taki ne. Hular kwano, wato rabin ƙoƙo da aka shafa wa farar ƙasa. Biro a bayan kunne, sukundireba a hannu, fuska a murtuke.

"Kai ne Bika?"

"Ni ne. Lafiya?"

"Da lafiya za a taso ni tun daga gabas? Shamuwa ce ta aiko ni. Buɗe mini hanya, ina da wurare da yawa."

Bika ya sosa ƙeya. "To, Injiniya, da dai za ka nuna mini wata shaida, ko in kira Hajiya…"

Ma'aikacin nan, wato Kurege, ya cire biro ya nuna Bika da shi. "Tambayata kake yi? Zaki da kansa ya buga waya ya ce a zo a duba masa turke. Ka ga abin da aka yi wa ƙarfe ranar da ya yi tambaya? Shi ƙarfe kashe masa baki kawai aka yi. Kai fa mai wuya ne."

Bika ya shafa wuyansa. "Haba, Injiniya, wasa nake. Bismillah. A kawo kunu?"

"Da ƙosai."

Kurege ya zagaya bayan turke, ga akwati a kulle yana neman lamba. Ya ce a ransa, wadda ta manta da ƙofar gaba ba za ta tuna da ta baya ba. Ya danna lambar da kowane akwati ke zuwa da ita daga masana'anta, sifili huɗu. Akwati ya buɗe baki kamar an yi masa cakulkuli.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," in ji Kurege. "Wannan kuwa ba tsagewa ya yi ba, ba a ma gina shi ba."

A ciki ga sunan kowa da rabonsa. Na Zaki ya fi na kowa tsawo, kuma Kurege ya san Zaki ba ya taɓa duban fuskar turke, wai duba irin wannan aikin yara ne. Sai ya ɗaure farin katinsa a jikin rabon Zaki, ya rufe akwati, ya shanye kunu, ya tattara ƙosai a hula.

"Na gyara. Kada kowa ya taɓa."

"Allah ya saka, Injiniya. A gaida Shamuwa."

Daga nan Kurege ya wuce dako, ya zama ɗan kasuwa. Ƙadangare ya kawo baburinsa, Bushiya ta kawo batirin injin markaɗenta, kwaɗi suka yi layi da wayoyinsu. Kurege ya cika batirin kekensa a turke, ya zagaya bayan kasuwa ya raba musu, su biya da gyaɗa da aya da dabino. Raminsa ya cika har yana kwana a bakin ƙofa. Duk zuwan da zai yi, turke ya ce, "Sannu da zuwa, Zaki," shi kuma ya kumbura ƙirji.

"Kun ji dai da kunnenku! Ni ne zakin da ba ya farauta, nama ke biyo shi. Ni ne ƙaramin cokali mai kwashe tukunyar manya!"

Ranar wata Juma'a Zaki zai je suna gidan surukansa. Ya jona motarsa ya koma gefe ana yi masa fira. Turke ya ɗan shayar kaɗan ya ce, "Rabonka ya ƙare." Bika ya ji sarai. Amma wa zai tunkari Zaki ya ce masa abinsa ya ƙare? Bika ya zare igiya ya durƙusa ya ce, "Ta ƙoshi, ranka ya daɗe."

Motar ta kai tsakiyar kasuwa, daidai rumfar masu daddawa, ta yi tari ɗaya ta mutu.

Zakanya na zaune a ciki da ƙwaryar goro a cinya. Ta ce, "Ba kai ka ce motar nan ta fi ta kowa ba?"

"Yi mini shiru."

"Ni dai ba zan sauka ba, na sha lalle."

Haka Manyan Dawa ya tuɓe babbar riga ya kama turi, gumi na bin gemunsa, birai sun cika rassa suna cizon hannu don kada dariya ta fito. Can sai ga ƙarar keke. Kurege ya rage gudu, ya cire hula.

"Sannu, ranka ya daɗe! In kawo igiya in ja ka? Ni tawa wutar ba ta ƙarewa."

Ya ba keke wuta kafin Zaki ya ɗago.

Da gari ya waye, Hajiya ta aika aka nemo Shamuwa, domin Zaki ya rantse in ba a fito da ɓarawo ba zai tumɓuke turakun ya yi murhu da su. Aka taru a gindin gawo. Kurege ya shige wani kogo a tsakanin saiwoyi, ya miƙe ƙafa yana ɓare gyaɗa yana saurare.

Shamuwa ta daɗe tana duba cikin akwati, sannan ta ɗago. "Ranka ya daɗe, Zaki nawa ne a dajin nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ɗaya!"

"To turke ya ga biyu. Ranar Litinin ɗaya na shan wuta a turken farko, ɗaya na sha a na uku, lokaci guda. Hajiya, wa ya kashe tambaya?"

Hajiya ta dubi Bika. Bika ya dubi ƙasa. Kowa ya yi ta kallon ko'ina ban da inda Zaki yake.

"Lambar akwati fa, an canza?"

Hajiya ta ce ai Bika ta bar wa. Bika ya ce ai yaronki da kika aiko ya ce kada a taɓa.

"Wane yaro? Ni ba ni da yaro. Ka kira ni ka tambaya?"

Nan take Hajiya ta samu wanda za ta sauke wa kaya. Ta naɗe Bika da hanci ta girgiza shi sai da raken jiya ya dawo. Ita da ta ba da umarni, da wanda ya yi ruri aka bi, babu wanda ya girgiza su. Haka shari'ar daji take, kuma abin kunya ne.

Shamuwa ta ce, "Maganin nan ba sabo ba ne, shi ne wanda kuka zubar. Tsofaffin katuna duk na soke su. Sabon kati ba ya faɗin lambarsa. Turke zai yi masa tambaya a asirce, sabuwa kowane zuwa, katin gaskiya ne kaɗai ya san yadda ake amsawa. Kowane akwati na ba shi lambarsa daban. Mai cewa ni na aiko shi, a kira ni kafin ya taɓa ko ƙusa. Lambar sirri kuma ta dawo, ga kowa."

"Har ni?" in ji Zaki.

"Kai ne ma kan gaba, ranka ya daɗe. Wanda ba a tambaya, kowa na iya zama shi."

Zaki ya yi gurnani, ya tuna warin daddawa da dariyar birai. Can ya ce, "To. Amma ya fara gaishe ni tukuna."

"Zai gaishe ka. Saura abu ɗaya, kuma shi ne…"

Kurege bai tsaya jin abu ɗayan ba. Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa ya ce, "Tambaya da amsa? Lamba? Ai sauran duk surutun tsuntsaye ne." Ya sulale ta bayan gawo. Mai fita kafin a tashi darasi kuwa, ranar jarrabawa ake gane shi.

Da yamma Zaki ya zo gwada sabon kati. Kurege na kwance a reshen da ke saman turke, ya zuro 'yar na'urarsa da zare. Turke ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da yamma. Wane ne?" Kati ya ba da amsarsa, na'ura ta yi ƙit ta haɗiye. Zaki ya danna lambar sirri da ƙaton farce, a hankali, yana faɗinta a fili don kada ya ɓata. Ko kurma ya samu. Kurege ya janye zarensa ya bi reshe ya tafi tun kafin wuta ta fara zuba, yana rawa.

"Sun ɗinke riga, sun bar mini aljihu! Gobe ba da katin Zaki zan je ba. Zakin zan je gaba ɗaya."

Da gari ya waye, Bika na shara sai ya hango babbar riga tafe a kan keke, irin ta Zaki sak, domin kuwa ita ce wadda ya tuɓe a kasuwa aka nema aka rasa. A samanta ga geza ta gemun masara, ga rawani ya rufe fuska. A ciki Kurege ne tsaye a kan tulin buhunan gyaɗa, ya kafa bakinsa a cikin tulu don murya ta yi kauri.

"Kai, yaro!"

Bika ya zube. Ba a kallon babba a ido, saboda haka bai ga cewa Manyan Dawa ya zo a keken bola ba. "Ranka ya daɗe! An sauya abin hawa?"

"Tambayata kake?"

"Tuba nake!"

Kurege ya jona igiya, ya miƙo farin kati ta hannun riga. Turke ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da hantsi. Wannan amsar jiya ce. Tambayar yau daban."

Gemun masara ya ɗan karkace. Kurege ya sake ɗorawa.

"Amsar jiya ce."

"To katin ne ya jiƙe! Ga lambata." Ya danna lambar sirrin Zaki, daidai, babu kuskure ko ɗaya.

"Lamba ta yi," in ji turke. "Kati bai yi ba. Na aika wa wayar mai rabon, ina jiran ya ce shi ne."

Abu ɗayan da Kurege bai tsaya ji ba ke nan. Ko kati ya yi, ko lamba ta yi, wuta ba ta zuba sai wayar mai ita ta yi ƙara ya amsa da kansa. Zaki kuwa na tsallaken hanya a rumfar wanzami, an jiƙa masa gemu ana tajewa. Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya duba. Turke na tambaya, kai ne a nan?

Kurege ya ga abin na neman lalacewa, sai ya jawo makamin da bai taɓa ba shi kunya ba. Ya cusa baki a tulu ya yi ruri iya ƙarfinsa. "Kai, ƙarfen banza! Ba ka san ni ba?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe," in ji turke. "Shi ya sa nake tambaya."

Sai ƙarar ƙarfe, ƙaras! Turke ya riƙe igiya a jikin keke ya ƙi saki, ya kama kururuwa kamar an taka wutsiyar jaki. Kurege ya ja, ya ciza, ya yi magiya. "Haba, ɗan'uwa, ni da kai fa mun saba! Kunu nawa na sha a bayanka?"

Inuwa ta rufe shi. Zaki ne, rabin gemu a taje, rabi da kumfa, tsumman wanzami a wuya. Bayansa Kura, bayanta Ɓauna, can Hajiya na tafe ƙasa na girgiza. Bika ya ɗago kai, ya ga Zaki a dama, ya ga Zaki a hagu, ya rasa wanda zai durƙusa wa, sai ya kwanta a tsakiya.

Zaki ya sa farce ɗaya ya ɗaga rawani. Tulu ya faɗi ya fashe. Ga Kurege tsuru a kan buhuna, gemun masara a kunne.

"Barka da hantsi, ranka ya daɗe," in ji shi. "Gwaji ne. Shamuwa ce ta ce in gwada muku, kuma alhamdu lillahi, turke ya ci."

"Mai cire kaska!" in ji Kura.

"Injiniya!" in ji Bika daga ƙasa.

Mari ɗaya Zaki ya kai, Kurege ya tashi sama da riga da komai. Kafin ya sauko Ɓauna ta tare shi da ƙaho ta miƙa wa Kura, Kura ta cafki wutsiya ta tsige rabin gashinta. Hajiya ta fizgo igiyar turken da ke kusa ta zabga masa a haƙarƙari, ta bar masa farin tabo tun daga kafaɗa har cinya. Da ya ga lahira na yi masa sallama, ya sulɓe daga cikin rigar ya bar su suna dukan buhunan gyaɗarsa, ya bi ta ƙarƙashin shingen nan mai tsawo, ya wuce kwaɗo mai kamar turmi, ya tsallake rafi da ƙafa uku.

Keke ya salwanta. Gyaɗa ta watse a fili, zabi na tsincewa. Ciki kuma, da yake bai san an yi rikici ba, ya fara kiran abincin rana.

Kurege ya haye wani suri a tsallaken rafi, ido ɗaya a kumbure, ya tofar da ƙasa, ya gyara abin da ya rage na wutsiya.

"Ku ji ni da kyau, manyan banza! In ɓera da sata, daddawa ma da wari! Ni na kashe tambaya? Ni na bar sifili huɗu a akwati? Shamuwa ta faɗa muku da baki kun ƙi ji, ni na koya muku da aiki kun gane, sannan ladan malami shi ne duka? Wa ya taɓa sa Zaki ya amsa tambaya a dajin nan in ba ni ba?"

Zaki ya ɗauki dutse.

"Ajiye, ranka ya daɗe, ban gama ba! Ban yafe ba, kuma ba na son a turo mini wani da goro a ɓoye. Ranar kasuwa za a sa mai shela ya tara gari. Kai a gaba, Hajiya a bayanka, Gwaggo Kura da gashin wutsiyata a hannu. Turken nan ma a ciro shi a kawo, shi ya fara rashin kunya. Ku ba ni haƙuri ɗaya bayan ɗaya, da suna!"

Dutse ya tashi kan surin. Kurege ya riga ya dira, ya yanki ciyawa yana ɗingishi, ƙura na binsa, muryarsa na dawowa daga nesa.

"A bainar jama'a na ce! Kuma da ƙarfi, yadda birai za su ji!"